Malama Zuliha, Wadda ta Raba Haladu da Haladu

Duk wanda ya saba bin titin da ya ratsa bayan kasuwar Birnin Kudu da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, ya san matar nan mai farin gilashi wadda ɗan acaɓa ke saukewa a ƙofar ɗakin karatu na jama'a. Ba ta shiga kai tsaye. Takan fara zagaya ginin ta waje tana duban gindin bango, ko gara ta tayar da sabuwar hanya. Sannan ta buɗe ƙofa, ta buɗe tagogi huɗu, ta bar ta biyar a rufe domin ta nan rana ke bugun kantar tsofaffin takardu. Daga nan sai ta tsaya gaban wani dogon kabad mai aljihu sittin, ta ja aljihu guda ba tare da ta zaɓa ba, ta zaro kati ɗaya, ta ɗaga shi kusa da fuskarta, ta ce masa a hankali: "To, kai kuma ina danginka?"

Shekara talatin da biyar ke nan Malama Zuliha Iliyasu tana yi wa katuna wannan tambaya. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma da wuya a sami mutum ashirin a garin da za su iya faɗin abin da take yi a ɗakin nan. Wasu sun ɗauka shara take yi da jera littattafai. Ya kamata a bayyana, ko da an makara.

Kowane littafi, kowace wasiƙa, kowane hoto da ke ajiye a ɗakin yana da katinsa. Katin ne ke faɗin wanda ya rubuta abin, da lokacin da aka rubuta shi, da garin da ya shafa. Wannan kowane ma'aikacin ɗakin karatu yana yi. Abin da Malama Zuliha ta ƙara shi ne bayan katin. A can take rubuta inda 'yan'uwan takardar suke a waje: lambar fayil ɗin da ke gidan adana takardun tarihi a Kaduna, ko shafin taswirar da garin ya fito, ko ranar da wata jarida ta ba da labarin. Wanda ya riƙe katinta guda, ya riƙe bakin zaren da zai kai shi wurare huɗu ko biyar.

Larura ce ta koya mata. Ta kama aiki a shekarar 1990, muna ƙarƙashin Kano. Shekara guda bayan haka aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka raba ma'aikata, aka raba motoci da kujeru, aka raba takardu. Takarda kuwa ba ta rabuwa da kyau. Wasiƙa ta zo Birnin Kudu, amsarta ta zauna a Kano. Rahoto ya zo, taswirar da aka maƙala masa ta tafi wani wuri. Ita kuma mace ce da ba ta iya barin tambaya a rataye. Idan ta karanta wasiƙar da aka ce "game da batun da ka ambata," sai ta kasa sukuni har ta gano wane batu ne, wa ya ambata, kuma me ya biyo baya. Haka ta riƙa shiga bas tana bin sawun amsoshi, tana dawowa da lambobi a cikin wani ɗan littafi mai baƙin bango.

Tun da wuri ta kafa wa kanta doka guda: ba ta ƙulla kati da wani abu na waje sai ta sami shaidu biyu waɗanda ba su san juna ba. Suna kaɗai ba shaida ba ne a wurinta. Abokan aikinta suka laƙaba mata Liman, suna cewa ko ɗaurin aure ba a tsananta masa haka. Idan shaida bai cika ba, sai ta sa alamar tambaya da fensir a kusurwar katin, ta mai da shi aljihu ya jira. Akwai katin da ya jira shekara goma sha tara.

Wani tsohon ma'aikacin asibiti ya shaida mini cewa ya zo neman jarida kawai, ya fita da hoton mahaifiyarsa tana budurwa a ajin koyon ungozoma, hoton da bai san an taɓa ɗauka ba. Wata ɗaliba mai bincike kan garuruwan da suka tashi ta ce ta yi wata uku tana neman wani ƙauye a taswira, Malama Zuliha ta nuna mata cewa mutanensa sun ƙaura da sunansa zuwa tsallaken kogi, ta kuma ba ta lambar fayil ɗin da aka rubuta ƙaurar. Irin waɗannan suna da yawa. Amma abin da ya sa aka ɗauki alƙalami a yau shi ne al'amarin Haladu Gwaram.

A shekarar 2019 aka kawo kwamfuta, aka kafa kwamitin mutum biyar domin a zuba katunan a ciki, a ƙulla kowane suna da manyan rumbunan bayanai da ke intanet, ta yadda mai bincike a ko'ina cikin duniya zai taɓa sunan mutum ya ga duk abin da aka sani game da shi. Aiki ne mai kyau, kuma babu wanda ya fi Malama Zuliha murna da shi, domin abin da take yi da fensir ne aka ba shi fiffike. Sai dai na'urar tana da nata hanzarin. Idan ta ga suna ɗaya, gari ɗaya, sana'a ɗaya, zamani ɗaya, sai ta ce mutum ɗaya ne, ta nemi a amince. Katuna ɗari biyu da goma sha biyu ne ke ɗauke da alamar tambaya, ranar bukin ƙaddamar da aikin kuma ta matso.

Shugaban kwamitin, Alhaji Ƙasimu, mutum ne mai haƙuri, amma ranar da Malama Zuliha ta ƙi amincewa da katunan nan haƙurinsa ya yi ƙaranci.

"Malama, na'ura ta ce mutum ɗaya ne."

"Ranka ya daɗe, na'urar ta taɓa zuwa Gwaram?"

"Ke dai Liman, ba kya ɗaura aure sai an kawo kakan ango daga kabari."

Aka yi dariya, ita ma ta murmusa, amma ba ta sa hannu ba. Mako biyu bayan haka ta tafi aikin hajji. Kafin ta dawo an goge alamomin tambayar duka, an amince da abin da na'ura ta ce, an yi buki, an sanar da adadin sunayen da aka ƙulla. Mai wannan rubutu yana cikin mutum biyar ɗin da suka sa hannu. Bai karanta ko kati ɗaya daga cikinsu ba.

Da ta dawo ta nemi a kwance su, aka ce an riga an sanar da adadi, ba a rage shi. Ba ta yi gardama ba. Ta ɗauko littafinta mai baƙin bango, inda ta kwafe sunayen tun kafin ta tafi, ta fara binsu ɗaya bayan ɗaya daga harafin farko. Ba ta kai ga Haladu ba, Haladu ya zo ya same ta.

Wata Talata ce da hantsi, shekara biyu bayan bukin. Wata tsohuwa ta shigo da sanda, ta ƙi kujerar da aka miƙa mata, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa.

"Ke ce mai takardun?"

"Ni ce, Inna. Sannu da zuwa. Daga ina?"

"Daga Gidan Marke, can Zandam. Sunana Ummussalma. Takardunku sun ce ubana ya kashe mutum."

Ga abin da ya faru. Mutanen Gidan Marke sun haɗa ƙarfi sun gina makaranta mai aji huɗu, suka yi ittifaƙi a sa mata sunan Malam Haladu, malamin rijiya, wanda ya gina musu rijiyar da suke sha tun 1956. An riga an rubuta allo. Hedimasta, Malam Rilwanu, yana shirya jawabin ranar buɗewa, sai ya nemi sunan a wayarsa domin ya ƙara wani abu na yabo. Ya ga katin ɗakin karatun Birnin Kudu: Haladu Gwaram, malamin rijiya, littattafan aiki goma sha ɗaya. A ƙarƙashinsa kuma ga abin da aka ƙulla masa: fayil a Kaduna, shekarar 1959, ɗaurin wata tara, saboda ya rage simintin wata rijiya ta rufta da mai haƙa. Malam Rilwanu bai yi shela ba, ya dai nuna wa mai unguwa. Amma kafin kwana uku an juya fuskar allon bango a zauren mai unguwa, mata kuma suna yin shiru a bakin rijiya idan Ummussalma ta iso da guga.

"Littattafan nan da hannuna na kawo muku su, shekarar da innarmu ta rasu," in ji tsohuwar. "Na ce ku adana kada gara ta ci. Da na sani na bar wa garar."

"Inna, ke kin san ko an taɓa ɗaure shi?"

Tsohuwar ta ce: "Ina 'yar shekara bakwai. Yakan tafi rangadi wata biyu, wata uku. In an ce mini rangadi, rangadi ne. To ina zan sani? Abin da ke cina ke nan, 'yar nan. Ni kaina ban sani ba."

Wani zai yi mata alkawari domin ta tashi da sanyin zuciya. Malama Zuliha ta ce: "Ni ma ban sani ba. Zan bincika. Abin da na samu shi zan gaya miki, ko da ba mai daɗi ba ne."

"Ai ba daɗi na zo nema ba."

Ta fara da littattafan goma sha ɗaya. Malam Haladu mutum ne mai rubuta komai: zurfin kowace rijiya gaba nawa, irin ƙasar da aka tarar, ranar da aka cim ma ruwa. Da damina kuma, lokacin da ba a haƙa, yana da ma'aunin ruwan sama a tsakar gidansa, kwalba da mazurari, yana rubuta abin da ya sauka kowace rana. Hukuncin ya fara ne a watan Mayu na 1959, wato damina gaba ɗaya mai laifin yana tsare. Ta buɗe littafin shekarar. Ga ruwa nan an rubuta, daga Mayu har Oktoba, da hannu iri ɗaya da na sauran shekarun.

Wani zai tsaya nan ya yi hamdala. Ita sai ta tambayi kanta: in mutum ya fito daga kurkuku yana son ya rufe giɓi, ba zai iya zama ya ƙirƙiro ruwan sama ba? Ta tuna akwai kundin wata tashar gwajin gona da ke kusa da Gwaram, wanda ta taɓa rubuta lambarsa a bayan wani kati shekaru da suka wuce. Ta nemo kwafinsa, ta shimfiɗa su biyu a kan tebur, ta bi su rana-rana da kan fensir. Ruwa ba ya sauka daidai a garuruwa biyu, wani lokaci ya jiƙa wannan ya tsallake wancan. Amma manyan ranakun sun haɗu. Ranar sha huɗu ga Agusta tashar ta rubuta ruwa mafi yawa a shekarar, shi kuma ya rubuta cewa kwalba ta cika ta zube, katangar maƙwabci ta faɗi. Kwana goma sha ɗaya na fari a Yuli, su ma suna nan a duka biyun. Wanda ya rubuta wannan littafi yana tsaye a ƙarƙashin ruwan.

"Shaida ɗaya," in ji ta ga abokiyar aikinta, wadda ta ce a je a gaya wa tsohuwa. "Hannu yana kama da hannu. Ɗalibi yakan kwaikwayi malaminsa."

Ta shiga bas ta tafi Kaduna. Na'ura taken fayil ɗin kawai ta gani, ita kuma ta nemi a fito mata da shi ta karanta cikinsa, shafi arba'in da ɗaya. A shafi na talatin da takwas akwai siffar wanda aka ɗaure, kamar yadda ake rubutawa a wancan zamani: gajere, kakkaura, ba shi da ƙaramin yatsan hannun hagu. Ba a ambaci sunan mahaifinsa ba. Rijiyar da ta rufta kuma a wani ƙauye take kusa da Basirka.

Daga nan ta nufi Gidan Marke. Masu bincike da yawa sun taɓa zuwa garuruwan nan, amma kusan dukkansu maza ne, iyakarsu zaure. Ita ta wuce har tsakar gida, ta tarar da Ummussalma tana ɓare gyaɗa, ta zauna ta ja faifai ta taya ta. Ba ta faɗi abin da ta gani a Kaduna ba, domin wanda aka gaya wa amsa ba ya zama shaida.

"Inna, kwatanta mini shi."

"Dogo ne, siriri. In zai shiga ɗakin nan sai ya sunkuya."

"Hannuwansa fa?"

"Me za ki yi da hannuwansa?"

"Tambaya dai nake."

"Ke kam da tambaya kamar alƙali. Hannuwa ne irin na mutane. Da su ya koya mini ƙirga. In na kai goma sai ya dunƙule ya ce in sake."

"Goma cif?"

"A'a, sha ɗaya! Goma mana."

Malama Zuliha ta ci gaba da ɓare gyaɗa. Sai ta tambayi abin da ya daɗe yana damunta: me ya sa mutumin Zandam ake ce masa Haladu Gwaram?

"Makaranta ce. Duk yaron da aka kai elementare ta Gwaram, sunan garin ake maƙala masa, ko daga ina ya fito. Mu nan ba wanda ke kiransa haka. Innarmu ma ba ta faɗin sunansa, kin san kunya irin ta da. Malam take cewa. In kuma tana son tsokanarsa sai ta ce Ƙarami."

"Ƙarami? Dogon mutum?"

"Sunan makaranta ne, wai."

"Inna, Ƙaramin wa?"

Tsohuwar ta tsaya da gyaɗa a hannu. Kusan shekara saba'in tana jin sunan, ba ta taɓa tambaya ba. Malama Zuliha kuwa ta san al'adar: idan yara biyu suka haɗu a aji da suna ɗaya da gari ɗaya, malami yakan raba su da Babba da Ƙarami, ranar da suka bar makaranta kuma ƙarin ya faɗi, su shiga aiki da suna iri ɗaya. Inda akwai Ƙarami, akwai Babba.

Sai ta nufi yankin da rijiyar ta rufta neman Babban. A tashar Basirka ta tarar da wani dattijo a kan benci yana lura da lodin motoci.

"Hajiya, Gwaram ko Birnin Kudu? Saura mutum ɗaya, gidan gaba."

"Ba mota nake nema ba, Alhaji. Gidan Malam Haladu mai rijiya nake tambaya."

Ya dube ta, ya dubi jakar takardun da ke hannunta, fara'ar ta sauka daga fuskarsa. Ya miƙa wa wani direba takardar lodi, ya ce mata: "Ni ne ɗansa. Ɗan'azumi. Mu je gida, ba maganar tasha ba ce."

Ya sa aka yi mata shimfiɗa a tsakar gida, matarsa na gefe. Bai jira ta yi tambaya ba.

"Na san wata rana za a zo. Shekara biyu ke nan da aka nuna mini a waya. Na ga laifin Baba, na ga an rataya shi a wuyan wani mai littattafai goma sha ɗaya. Baba bai bar littafi ko ɗaya ba, ya ƙone su ranar da ya dawo. Na gane an yi kuskure. Na ce a raina Allah ne ya sauke mana kaya. Hajiya, na yi shiru."

"Mutumin yana da 'ya. Tana raye. An juya allon makarantar da za a sa wa sunansa."

Ɗan'azumi ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe sai ya ce: "Baba ya yi abin da aka ce ya yi. Bai taɓa musu ba. Amma akwai abin da takardarku ba ta sani ba. Bai ƙara taɓa igiyar rijiya ba har ya mutu. Kuma duk kaka, damin farko da ya fito daga gonarmu gidan matar mamacin ake kai shi. Ni nake ɗauka a ka. Shekara ashirin da uku."

"Ka yarda in rubuta wannan?"

"Ana rubuta irin wannan?"

"In mai shaida ya yarda a sa sunansa da ranar da ya faɗa."

Ya shiga ɗaki ya daɗe, ya fito da wata takarda da ta yi laushi kamar tsumma: takardar sallama daga kurkuku, da sunan mahaifin Haladu, da Basirka a rubuce. Ya ajiye ta a kan tabarma. "Sa sunana," in ji shi. "Sa duka biyun, na laifin da na damin."

Katin da yake ɗaya ya zama biyu. Haladu ɗan Gwadabe, na Gidan Marke, mai littattafai goma sha ɗaya. Haladu ɗan Jamaluddeen, na Basirka, mai fayil a Kaduna da shaidar ɗansa. A ƙasan kowanne ta rubuta gargaɗi cewa wannan ba wancan ba ne. Ta kai wa kwamiti, ta jera littafin ruwa, da kundin tashar gona, da shafi na talatin da takwas, da takardar sallama. Ba ta ce ai na faɗa muku ba. Alhaji Ƙasimu ya karanta har ƙarshe, ya cire gilashi, ya ce a mai da alamomin tambayar duka, a rage adadin, ko wa zai ji kunya ya ji. Daga cikin ɗari biyu da goma sha biyun, an tabbatar zuwa yau cewa talatin da takwas mutane biyu ne aka cure wuri ɗaya. Ba mu san gidaje nawa ne suka gani suka yi shiru ba, kamar yadda ba mu san nawa ne suka gani suka yi kuka ba.

Gyara a gida kwana ɗaya ne. Amma abin da aka saki a intanet, wasu sun riga sun kwafa. Ta bi sawu ta gano rumbuna tara a ƙasashe dabam-dabam da suka ɗauki kuskuren daga wurinmu. Ta rubuta wa kowanne, da hujjoji a maƙale. Wasu suka gyara cikin mako, wasu sai da ta rubuta sau uku.

An buɗe makarantar Gidan Marke bayan girbin 2022, da sunan Malam Haladu a allo. Waɗanda suka halarta sun ce Ɗan'azumi ya zo ba tare da an gayyace shi ba, ya zauna can baya a kan wani kututture. Ummussalma ta tambayi wane ne, aka gaya mata. Ta tashi da sandarta, ta je rijiya, ta ƙi yarda kowa ya ja mata, ta cika ƙwarya ta kai masa da kanta. Ya karɓa da hannu biyu ya shanye. Ba wanda ya ji sun ce wa juna komai bayan sannu.

Da taro ya watse Ummussalma ta kamo mayafin Malama Zuliha.

"'Yar nan, an goge ko'ina?"

Ranar murna ce, kuma tsohuwar ba za ta taɓa buɗe waya ta duba ba. Malama Zuliha ta ce: "Saura wuri ɗaya, Inna. Ba su amsa ba tukuna."

"To ki gaya musu ina jira."

Malama Zuliha, ke ce kika ɗauki sunan wanda ya mutu da nauyin da ake ɗaukar sunan mai rai. Ke ce kika tambayi ruwan saman da ya sauka shekara sittin da suka wuce, ya ba ki amsa. Ke ce kika wanke mutum guda ba tare da kin tattake ɗayan ba. Mai fensir, mai jiran shaida. Mun yi miki dariya a kan jinkiri, alhali gaggawarmu ce ta sa tsohuwa ta zauna a ƙasan ɗakinki tana shakkar mahaifinta. Ba ki taɓa tuna mana ba, wannan kuwa ya fi tuni nauyi.

Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiya da hutu mai albarka, ya sa abin da kika ƙulla da gaskiya ya zama shaida a gare ki ranar da kowa zai nemi shaida.

Ga matasan da ke shiga wannan aiki yanzu, da na'urori masu sauri fiye da namu: ku ƙulla, domin takardar da ba ta da dangi marainiya ce. Amma kafin ku amince da abin da na'ura ta ce, ku buɗe fayil ɗin ku karanta cikinsa, ku shiga bas, ku wuce zaure in an ba ku izini, kuma kada ku ji kunyar barin tambaya a kan abin da ba ku sani ba. Kowane suna da ke kan allon kwamfutarku yana da wanda zai je ɗiban ruwa gobe da safe a gaban mutane.

Wuri na taran har yau bai amsa ba. Wasiƙa bakwai Malama Zuliha ta aika musu. Ta takwas tana kan teburinta, an buga, an maƙala hujjoji, an bar gurbin sa hannu ga wanda zai gaji kujerar. Inna Ummussalma ta haura saba'in, idonta ya fara rauni, kuma duk farkon wata takan ba direban bas ɗin Zandam saƙo ya tsaya a ƙofar ɗakin karatu ya tambaya ko sun amsa. Wanda zai zauna a kujerar nan ya sani, ranar ɗaya ga wata direban zai tsaya.